To, Yaya

A wurin aiki Kyaftin ake ce masa. Igiya huɗu ce a kafaɗarsa, furfura ta cinye rabin gemunsa, kuma idan ya shigo ɗakin matuƙa yana jan jakarsa mai taya, sababbin ma'aikata sukan sauke ƙafa daga kan tebur. A gida kuwa sunansa Auta. Shekararsa hamsin da biyu, amma idan aka taru a ɗakin Inna aka rasa cokali, shi ake aika.

Maza biyu Inna ta haifa, da mata uku a tsakaninsu. Mahaifinsu ya rasu Auta yana da shekara tara, babban yana da goma sha huɗu. Ranar da aka dawo daga maƙabarta, Yaya ya hau kujerar marigayin, ƙafarsa ko ƙasa ba ta taɓawa sosai, ya ce wa Auta ya share hawaye ya daina kuka. Auta ya ce, "To, Yaya." Ya zagaya bayan ɗaki ya ci gaba da kukansa. A ranar ya samo hanyar da ya bi har tsawon shekara arba'in da uku ba tare da ya yi tuntuɓe ba.

Yaya ya ce ya karanta ilimin haɗa magunguna. To, Yaya. Sai ga Auta a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Yaya ya ce kada ya sayi gidan nan na bakin titi, ƙarar motoci za ta hana yara barci. To, Yaya. A gidan aka yi sunan 'ya'yansa huɗu. Yaya ya ce ya rage sukari a shayi. Wannan ma to, Yaya, cokali uku. Bai taɓa yi wa wansa gardama ba, bai kuma taɓa yin abin da ya ce ba, kuma dangi suna kawo shi misali idan suna yi wa 'ya'yansu faɗa kan ladabi. Shi Yaya ba mai bin diddigi ba ne. Idan ya ba da umarni aka amsa, a wurinsa aiki ya gama. Ranar da Auta ya karɓi takardar tuƙi, Yaya ya tsaya a gaban jama'a yana karɓar barka, ya ce ai tun yaron yana ƙarami ya ga alamar.

Wataƙila sana'arsa ce ta ƙara masa wannan hali. Yaya mai kula da zirga-zirgar jiragen sama ne. Inna tana ce masa Mai Hasumiya, tana kuma zaton tsaye yake a sama yana ɗaga wa jirage hannu, alhali ya shekara goma sha biyar rabonsa da hasumiya. Wani ɗaki yake zama marar taga, mai sanyi kamar firji, gabansa allo mai duhu da ɗigo-ɗigo suna rarrafe, kowane ɗigo jirgi ne cike da mutane. Ya ce wa wannan hau, ya ce wa wancan karkata hagu, kuma doka ce matuƙi ya maimaita masa abin da ya faɗa kalma da kalma, shi kuma ya ce daidai. Mutumin da ya shekara talatin ana maimaita masa maganarsa, da wuya ya yi zaton akwai wanda ke amsa masa da baki kawai.

Sau biyu ko uku a wata jirgin Auta yakan ratsa ta yankin da Yaya ke kula da shi. A rediyo ba su san juna ba. Da Turancin aiki ake magana, lambar jirgi ake kira, ba gaisuwa, ba ina gajiya. A can sama ne kaɗai Auta ke yin abin da wansa ya ce daidai da daidai, kuma wannan ya ishe shi ya riƙa jin cewa shi ƙane ne mai biyayya.

Sai dai akwai na uku a tsakaninsu. A kowane babban jirgi akwai wata na'ura ta kauce wa karo, matuƙa suna kiranta Tikas. Ba ta magana sai abu ya ɓaci. Idan jirage biyu suka doshi juna, na'urar wannan da ta wancan sukan yi shawara a tsakaninsu cikin ƙiftawar ido, su raba aiki: ɗaya ta ce wa matuƙinta hau, ɗaya ta ce wa nata sauka. Dokar a nan guda ce, kuma kowane matuƙi ya haddace ta kamar sunansa. Idan na'ura ta yi magana, ita ake bi, ko da mai kula da zirga-zirga ya faɗi akasin haka, don shi bai ji shawarar da na'urorin suka yanke ba. Daƙiƙa biyar aka ba matuƙi ya motsa hannu. Sannan a danna maɓallin rediyo a gaya wa na ƙasa a fili: ba zan iya ba, na'ura ta ba da umarni. Da jin haka shi kuma zai janye bakinsa har a wuce.

Auta ya yi wannan darasi sau biyu a shekara, shekara ashirin da shida, bai taɓa faɗuwa ba. Bai kuma taɓa gamuwa da shi a sama ba sai wata Talata da la'asar.

Hadari ne ya taso a hanya, baƙi ƙirin, tsayinsa ya wuce inda jirage ke bi, kowa yana neman ta inda zai kewaye shi. Auta ne ke tuƙi a wannan zangon. Rediyo aikin mataimakiyarsa ne, wata mata da ake wa laƙabi da Littafi, saboda ko shafin da doka take za ta gaya maka. Suna ƙafa dubu talatin da uku, an kawo musu shayi, Auta yana juya cokali na uku, sai na'urar ta ce akwai jirgi kusa. Suka duba allo, ga shi nan yana tahowa daga dama, shi ma hadarin yake gudu. Kafin Auta ya ajiye kofi na'urar ta ɗaga murya: "Hau! Hau!"

A daidai lokacin muryar Yaya ta shigo kunnensa, ta kira lambar jirginsu, ta ce ya sauka yanzu-yanzu, ƙafa dubu biyu. Ba muryar aiki ba ce. Muryar da ta taɓa ce masa sauko daga bishiyar nan ce.

Hannun Auta ya yi abin da aka koya masa. Ya karɓe tuƙi daga inji, ya ja sitiyari a hankali, jirgi ya ɗaga hanci. Amma maɓallin rediyo a jikin sitiyarin yake, kuma kafin Littafi ta buɗe baki, yatsansa ya riga ta dannawa.

"To, Yaya," in ji Kyaftin, a gaban duk jiragen da ke sauraren wannan tasha.

Littafi ta dube shi. Shi ma ya dube ta, kamar ita ta faɗa. Wani abu fari ya gilma ta ƙarƙashinsu, babba, har ana ganin layin tagoginsa. Sai a lokacin ta sami hanya ta danna nata maɓallin ta faɗi abin da doka ta ce. Na'urar ta sanar cewa an wuce. Fasinja ɗari da arba'in ba su san komai ba, ban da wani da shayi ya zube masa a wando, ya rubuta ƙorafi.

Bayan kwana tara aka kira shi ofis. Shugabar matuƙa tana zaune, mace mai ƙaramin jiki da ba a taɓa jin ta ɗaga murya ba, gefenta wani baƙo daga masu bincike wanda ba ya jin Hausa, sai Littafi da littafinta. Aka kunna faifan maganar. Aka sake kunnawa. Baƙon ya ce ya duba jerin kalmomin rediyo tun daga farko har ƙarshe bai ga waɗannan biyun ba, ko sabuwar ƙa'ida ce?

"Tsohuwa ce," in ji Shugaba.

Littafi ta fassara masa. Baƙon ya rubuta, ya tsaya, ya ce to ke nan Kyaftin ya amince zai sauka?

"A'a," in ji Auta.

"Ya ƙi ke nan?"

"Ban ƙi ba. Wana ne."

"To me kalmar take nufi?"

Auta ya shiga neman amsa. Shekara arba'in da uku yana amfani da ita, ba a taɓa tambayarsa ba. "Tana nufin na ji ya yi magana," ya ce.

Baƙon ya cire tabarau ya goge. Shugaba ta miƙa wa Auta ambulan guda, takarda biyu a ciki. Ta farko yabo ce: ya motsa hannu cikin daƙiƙa uku, ya tsirar da jirgi. Ta biyu ta dakatar da shi daga tuƙi har sai ya ci jarrabawa a kan wannan darasi, idan kuma ya faɗi sau uku, kujerar hagu, ta kyaftin, ta bar hannunsa. Ranar da aka rubuta su ɗaya, hannun da ya sa musu ɗaya.

"Ranki ya daɗe, wacce zan kai gida?"

"Ta farkon ta hannunka ce, ta biyun ta bakinka. Ka kai duka, ai tare kuke zaune."

Labari ya riga shi isa ɗakin Inna, kuma ya iso a karye. Tana zaune a bakin gado, fanka tana juyi, kwalaben maganin ido a jere kan talabijin. Yaya yana kan kujerar marigayi, wadda aka sake wa yadi sau huɗu.

"Auta, an ce wanka ya ce ka sauko ka ƙi."

"Ban ƙi ba, Inna. To na ce."

"Madalla. Ka sauko ke nan."

"A'a, hawa na yi."

Inna ta juya wajen Yaya. "Kai kuma me ya sa ka ce ya sauko?"

"Don kada su yi karo."

"Shi kuma ya hau don me?"

"Don kada su yi karo."

"To wa ya ce masa ya hau?"

"Na'ura ce, Inna," in ji Auta.

"Ta girmi wanka ne?"

Aka yi mata bayani. Yaya ma, cikin daurewa, ya tabbatar mata cewa doka ta ce na'urar za a bi, kuma da yaron ya sauka kamar yadda ya ce, da yanzu wani zancen ake yi. Inna ta lissafa da yatsu. Wanda ya ba da umarni bai yi laifi ba. Wanda ya ƙi bi bai yi laifi ba. An yabe shi. An kore shi.

"To laifin me ya yi?"

"Ya amsa mini da ladabi," in ji Yaya.

Inna ta ce a miƙo mata maganin ido, ita kanta ya ɗaure. Auta ya tashi ya miƙo.

Yaya bai bar zancen a nan ba. Tun da ya ji faifan nan wani abu ke cin sa, kuma ba na aiki ba ne. Ya raka Auta har bakin mota, abin da bai taɓa yi ba.

"Gidan bakin titi," ya ce. "Na ce kada ka saya."

"Ka ce, Yaya."

"Haɗa magunguna fa? Ni na ce haɗa magunguna, ko ba haka ba? Na ɗauka daga baya na canza shawara."

Auta ya duƙufa neman makulli a aljihun da ya san ba ya ciki.

"Akwai abu guda da na taɓa cewa ka yi, ka yi shi?"

"A sama, Yaya. Duka."

"A sama," in ji Yaya, ya juya ya koma ciki.

Ana yin jarrabawar a cikin jirgin ƙarya, wanda ake kira simuleta: wani akwati ne babba a kan ƙafafun ƙarfe, cikinsa ɗakin tuƙi sak, yana karkata yana girgiza, hadari da jirage duk na hoto. Malamin gwaji ya zauna a baya yana kwaikwayon mai kula da zirga-zirga. Na'ura ta ce hau, malam ya ce sauka, Auta ya hau ya ce ba zan iya ba, murya tsaf. Aka canza, aka sake, haka. Malam ya ce shi bai ga abin gyara ba, ya ɗauki biro.

Shugaba ta dafa takardar. "Malam, kai wansa ne?"

"A'a."

"To me muka gwada?"

Ranar Alhamis da safe aka aro Yaya daga wurin aikinsa. Ya zo da rigarsa mai guga, aka ba shi kujera a wani ɗan ɗaki kusa da akwatin, da makirufo, da takardar abin da zai karanta. Littafi ta zauna a kujerar dama, an kuma umarce ta kada ta taɓa rediyo, bakin Kyaftin ake son ji.

Karo na farko, na'ura ta ce hau, Yaya ya ce sauka yanzu-yanzu. Hannu ya ja. Baki ya ce, "To, Yaya."

Auta ya rantse bai ji fitarta ba. Aka kunna masa.

Karo na biyu ya shirya. Ya rubuta kalmomin a bayan hannunsa da biro, ya cije leɓe. Yaya ya ce sauka. Auta ya danna maɓalli, ya riƙe, ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai numfashi, daƙiƙa goma sha ɗaya, ya toshe tashar ba mai iya magana. Malam ya ce a ganinsa wannan ci gaba ne. Shugaba ta ce faɗuwa ce ta biyu, a huta minti goma.

Ya fito ya zauna a kan benci a baranda, kusa da injin ruwan sha. Shi dai ya rasa gane kansa. Ya taɓa saukar da jirgi da inji ɗaya, ya taɓa korar wani babban mutum daga jirgi saboda ya ƙi ɗaura bel, ga shi kalma huɗu sun gagare shi. Yaya ya zo ya zauna a ɗaya ƙarshen bencin, ya zuba ruwa a kofin roba, bai sha ba.

"Na umarce ka ka ƙi bin umarnina," ya ce.

"To, Ya..."

"Rufe mini baki."

Injin ruwa ya yi gurnani ya daina.

"Ka san abin da ba a kunna maka ba a faifan?" in ji Yaya, yana kallon kofin. "Da ka ce to, na yarda. Ni a sanina ba ka taɓa ce mini to ka saɓa ba. Ina kallon ɗigonka, ina jira ya sauka, sai na ga yana hawa. Ban ce yaron nan ya ƙi ji ba. Cewa na yi jirgin ya ƙwace masa, wani abu ya karye. Sai na juya na ce wa ɗayan ya hau, tunda kai ka ce za ka sauka. Cewa na yi ya hau, Auta. Inda kake."

Auta bai san wannan ba.

"Mutumin ya ce mini ba zai iya ba, na'ura ta ba da umarni. Ban san shi ba, ban taɓa ganin fuskarsa ba. Ya faɗa mini a fili kamar mari, ya sauka abinsa." Yaya ya ajiye kofin a ƙasa. "Da shi ma ƙanen wani ne mai ladabi irinka, kuma mai cika alkawari, da yau kwana nawa Inna tana karɓar gaisuwa?"

Malam ya leƙo ya ce lokaci ya yi.

Aka rufe akwati. Hadarin hoto ya taso, ɗigo ya taho daga dama. Na'ura ta ce hau. Muryar Yaya ta shigo, kuma bai rage komai ba, ya sa mata har da tsawar nan ta sauko daga bishiya. Auta ya ja sitiyari, ya danna maɓalli. Abin da ya gani a ransa wani mutum ne mai shekara hamsin da bakwai a ɗaki marar taga, yana kallon ɗigo yana jira.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Na'ura ta ba da umarni."

Wannan karon muryar ta fito, a cikin lokaci. Sannan Yaya ya ce, "Na ji," kamar yadda takarda ta ce ya faɗa. Littafi ta duba agogo ta rubuta. Shugaba ta sa aka maimaita sau huɗu, don kada a ce dace ne, sannan ta sa hannu, ta ce ranar Litinin yana da tafiya, kuma ta roƙi Allah kada ya kasance yana da wani wan a wata ƙasa.

A wurin ajiye motoci rana ta take. Yaya ya buɗe ƙofar motarsa, ya tsaya yana jira zafin ciki ya fita.

"Gobe za a duba idon Inna. Ina aiki da safe. Ka zo ƙarfe takwas ka kai ta."

Auta ba ya da abin yi gobe, kuma da zuciya ɗaya ya yi niyyar zuwa. "To, Yaya."

Yaya ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin mota. "Wanne ne wannan? Na zuwa ko na rashin zuwa?"

"Na zuwa."

"Ta yaya zan gane? Muryar iri ɗaya ce da ta gidan bakin titi."

Auta ya yi tunani. Shi kansa da ya sake sauraren abin da ya faɗa, bai ji bambanci ba. Ya gyara tsayuwa, ya ajiye jaka.

"Gobe, ƙarfe takwas, Inna, asibitin ido."

"Daidai," in ji Yaya.

Ya shiga mota ya rufe ƙofa. Auta yana ganinsa ta gilashi, bai tayar da inji ba tukuna, ya ciro waya yana kiran ƙanwarsa ta biyu, wadda ke da mota, ko za ta kasance a kusa gobe da safe.